Sandar Fatsar Kawu: Abin Da Na Koya Daga Masu Kamun Kifin Bas

A hutun da ya gabata na yi wata ɓarna da ta hana ni barcin kirki har kwana biyu. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da wata sandar fatsa da ya dawo da ita daga Amurka bayan ya gama karatu a jihar Alabama, tun ina goye. Ba irin fatsar da muka saba yi da kara da zaren roba ba ce. Doguwar baƙar sanda ce siririya, tsawonta ƙafa bakwai, da zobba jere a jikinta, sannan ga wani ɗan inji maƙale a kusa da mariƙi wanda ake juyawa ya naɗe zare. Shekaru nake roƙon ya ara mini yana cewa ban isa ba. Da zai yi tafiyar kwana goma sai ya miƙo mini ita, ya ce, "Ga ta nan, ɗana, tunda yanzu ka zama ɗan jami'a. Ka dawo mini da ita yadda na ba ka."

Washegari ni da abokina muka nufi madatsar ruwa ta Tiga. Da muka zauna cin abinci na kwantar da sandar a kan yashi. Da la'asar wata tarwaɗa ta ci ƙugiya, na jawo ta har bakin gaɓa, don zumuɗi na ɗaga sandar sama tsaye ina so in cillo ta tudu. Sai na ji "ƙas!" Tsinin sandar ya karye, tarwaɗa ta yi tafiyarta, injin kuwa ina juya shi yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

Kwana taran da suka rage na yi su ne ina bincike da tambaya da kwance-kwance. Abin da na gano shi ne nake so in ba ku, ƙannena, domin ko ba ku taɓa riƙe irin wannan sanda ba, akwai lissafi da kimiyya da sana'a a cikinta.

Wane ne bas?

Ba bas ɗin da ke ɗaukar fasinja ba ne. Kifi ne na ruwan daɗi, asalinsa Arewacin Amurka, kuma wanda ya fi shahara a danginsa shi ne mai faffaɗan baki. Mafarauci ne, yakan laɓe a cikin ciyawar ruwa ko gindin itacen da ya nutse, ya afka wa ƙananan kifaye da kwaɗi. Saboda wannan hali nasa ake yaudararsa da koton bogi na roba ko katako ko ƙarfe, wanda ake jefawa nesa a jawo shi yana rawa kamar mai rai. Mai kamun bas yakan yi jifa ɗaruruwa a wuni guda, shi ya sa kayan aikinsa dole su zama marasa nauyi kuma lafiyayyu.

Amurkawa sun mayar da kamun wannan kifi wasa mai gasa da kuɗi. Wani mutum mai suna Ray Scott ya kafa ƙungiyar masu kamun bas a birnin Montgomery na Alabama a 1968, aka fara babbar gasarsu ta Bassmaster Classic a 1971. A gasannin yau ana auna kifin da ransa, sannan a mayar da shi ruwa. Abin da zai fi ba ku sha'awa shi ne, a 2009 jihar Illinois ta zama ta farko da ta sa kamun bas cikin wasannin makarantun sakandare a hukumance, kamar ƙwallon ƙafa ko guje-guje. Sa'anninku ne suke wakiltar makarantunsu, wasu jami'o'in ma suna ba gwanaye tallafin karatu.

Bas mafi girma da aka yi rajistarsa George Perry ne ya kama shi a jihar Jojiya a 1932, nauyinsa ya ɗan haura kilo 10. Sai bayan shekara 77, a 2009, wani ɗan Japan mai suna Manabu Kurita ya kama kwatankwacinsa a tafkin Biwa. An kai wannan kifi ƙasashe da dama, har da Afirka ta Kudu da Zimbabwe da tafkin Naivasha na Kenya. Mu a nan giwan ruwa da tsage su ne mafarautan ruwanmu, suna kuma bin koton bogi kamar yadda bas yake bi, don haka kayan da aka ƙera dominsa suna aiki a kan matsakaitansu.

Kafin ka zaɓi sanda, karanta jikinta

Kuskurena na farko shi ne ban taɓa duba rubutun da ke jikin sandar Kawu ba. A saman mariƙi kaɗan, kowace sanda ta kirki tana ɗauke da bayanin tsawonta, da ƙarfinta, da ƙarfin zaren da ya dace da ita, da nauyin koton da za ta iya jefawa.

Ƙarfi shi ne yawan nauyin da ake bukata kafin sanda ta lanƙwasa. Za ka ga harafin L ga mai laushi, M ga matsakaiciya, MH ga wadda ta ɗara matsakaiciya, H ga mai tauri. Akwai kuma wurin lanƙwasa, wanda abu ne daban. Wata sandar can wajen tsini kawai take lanƙwasa, ita ake kira mai sauri, kuma ita ce ke saurin sanar da hannunka cewa kifi ya taɓa koto. Wata kuwa tun daga tsakiya take rusunawa kamar baka, ta fi yafiya idan kifi ya fizga, ba ta saurin yage masa baki.

Masu kamun bas da yawa suna tara sanduna iri-iri, amma ga mai koyo shawarar da aka fi bayarwa ita ce sanda ɗaya mai ƙafa shida da rabi zuwa bakwai, wato wajen mita 2, mai matsakaicin ƙarfi. Idan an rubuta cewa kotonta daga gram 7 zuwa 21 ne, kada ka rataya mata dalma mai gram 60 ka ce za ka wulwula. Ko ba ta karye ran nan ba, ka riga ka ji mata ciwo.

Sai kuma abin da aka yi sandar da shi. Da can da gora ake yi. Bayan yaƙin duniya na biyu aka shigo da faiba, sannan a 1973 kamfanin Fenwick ya fito da sandar girafait, wato ta zaren kabon. Girafait ba ta da nauyi, tana kuma isar da ɗan motsi kaɗan zuwa tafin hannu, amma ba ta jure duka. Idan ta bugu da dutse ko ƙofar mota takan yi ɗan tsagu da ido ba ya gani, wata rana ta karye a daidai wurin. Faiba ta fi nauyi, ta fi araha, ta fi jure wahala. Ɗalibin da zai ɗaura sanda a bayan keke, faiba ce tasa.

Idan ta gwanjo za ka saya, haɗa ta ka hango ta daga gindi zuwa tsini ka ga ko zobban suna kan layi ɗaya. Shafa jikinta da yatsa ka ji ko akwai tsagu. Murza wurin da ake ɗaure inji ka tabbatar yana kamawa ba ya girgiɗi.

Injin naɗi iri biyu ne

Na farko shi ne mai rataye a ƙarƙashin sanda, irin na Kawu. Ƙwarƙwaronsa, wato abin da zare yake naɗe a kai, ba ya juyawa lokacin jifa. Ana buɗe wata lanƙwasasshiyar waya ne, zare ya zube da kansa. Yana da sauƙin koyo, kuma yana jefa koto mara nauyi. Girman da ake rubuta wa 2500 ko 3000 shi ne daidai da bas.

Na biyu yana zaune a saman sanda, kuma ƙwarƙwaronsa yana juyawa da gudu idan an yi jifa. Ya fi kai koto daidai inda ake so, ya fi ƙarfin jan kifi daga cikin ciyawa, shi ya sa 'yan gasa suke ji da shi. Matsalarsa ita ce idan koto ya rage gudu a iska amma ƙwarƙwaro bai rage ba, zare yakan cukurkuɗe ya zama kamar sheƙar tsuntsu. Ana hana wannan da babban yatsa da kuma wani ɗan birki na maganaɗisu da ke gefe. Kakan wannan inji a Amurka wani mai gyaran agogo ne ya ƙera shi, George Snyder na jihar Kentucky, a farkon ƙarni na 19. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A jikin kowane inji za ka ga lamba irin 6.2:1. Ma'anarta, duk juyi ɗaya da hannunka ya yi, injin ya naɗa zare sau 6.2. Ga lissafi mai sauƙi: idan zagayen ƙwarƙwaro santimita 14 ne, juyi ɗaya zai jawo kusan santimita 87 na zare. Mai babbar lamba ya fi sauri, mai ƙarama ya fi ƙarfin ja, daidai da giyar keke a hawan tudu. Kada yawan boris da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Huɗu masu kyau sun fi goma na banza, araha ba ta ado. Juya hannun injin kusa da kunnenka, in ka ji yana tafiya sumul babu kaɗawa, ka samu.

Zare da birkinsa

Zare iri uku aka fi amfani da su. Na nailan shi ne mafi araha, yana ɗan miƙewa idan an ja shi, amma rana tana cinye ƙarfinsa. Saƙaƙƙen zare siriri ne mai ƙarfi, ba ya miƙewa, kuma yana iya yanka yatsa, don haka kada ka taɓa naɗa shi a hannu ka ja. Na uku, wanda ake kira fulorokabon, kifi ba ya saurin ganinsa a ruwa. Mai koyo ya fara da nailan mai ƙarfin laba 10 ko 12. In tsage kake nema, ƙara guntuwar waya a gaban ƙugiya, domin haƙoransa suna datse nailan kamar almakashi.

A saman ƙwarƙwaro akwai wani murfi da ake murzawa. Wannan shi ne birkin zare, kuma shi ne abin da ya fi komai muhimmanci a injin. Aikinsa ya saki zare a hankali idan kifi ya ja da ƙarfin da ya wuce kima, maimakon zare ya tsinke ko sanda ta karye. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a saita shi a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Zare mai laba 12 yana ɗaukar wajen kilo 5.4, ke nan birki ya fara saki a wajen kilo ɗaya da rabi. Ba sai da ma'auni ba. Cika gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, ɗaura ta a zaren kai tsaye daga inji ba ta cikin zobba ba, ka murza murfin har zare ya fara zamewa daidai lokacin da gorar take shirin barin ƙasa.

Ni ran nan na ɗaure birkin tamau don kada kifi ya gudu. Sannan na ɗaga sandar tsaye, duk nauyin tarwaɗar ya koma kan ɗan siririn tsini. Waɗanda suke ajin kimiyya za su tuna cewa sandar fatsa ce misalin da ake bayarwa na liba nau'i na uku: kifi ne yake riƙe da dogon ɓangaren. Ƙarfin sanda yana gindinta ne. Riƙe ta a karkace, ka bar jikinta duka ya lanƙwasa, idan kifi ya iso gaɓa ka sa hannu ko koma ka ɗauke shi.

Kulawar minti biyar

Yawancin sandunan da suke mutuwa ba ƙaton kifi ne yake kashe su ba. Ƙofa ce, da takawa, da yashi, da ajiyar banza. Ga abin da Kawu yake yi duk ranar da ya dawo daga ruwa, wanda da nake ɗauka iyayi ne kawai:

Yana goge sanda da ɗanyen tsumma, ya bar ta ta bushe a inuwa. Ba ya tsoma inji a bokiti, ba ya kuma watsa masa ruwa mai ƙarfi, domin hakan yana tura datti ciki ne. Yana kwance birkin zare gaba ɗaya kafin ajiya, saboda faifan da ke ciki kada su danne su taurare. Yana sa injin a tsohuwar safa, musamman da hunturu lokacin da ƙura take shiga ko'ina. Ba ya jingina sanda a lungu tana lanƙwashe, yana rataye ta ne a miƙe. Ba ya barin ta a mota cikin rana. Ba ya maƙala ƙugiya a cikin zobe, sai a ɗan maƙalin da aka tanada kusa da mariƙi.

Lokaci-lokaci a zura auduga a cikin kowane zobe a juya. Idan zoben ya kama zaren audugar, to ya tsage, kuma zai riƙa gurje maka zare har ya tsinke ranar da babban kifi ya zo. Sanda mai gaɓa biyu a ɗan shafa mata kyandir a mahaɗa, ba za ta kafe ba. A inji mai rataye, rufe wayar nan da hannu bayan jifa, kada ka bari juyin hannu ya buga ta, sifirinta zai daɗe. Idan kuma kana jin birki yana saki, daina naɗi, domin naɗi a lokacin yana murɗe zare.

Gargaɗi ɗaya wanda ya shafi rai: girafait tana ɗaukar lantarki. Da ka ji tsawa, kwantar da sanda ka bar bakin ruwa, kuma ka duba sama kafin ka ɗaga ta kusa da wayar wuta.

Gyaran da na yi

Na fara da inji. Tunanin Snyder ne ya sa na nufi wani dattijo mai gyaran agogo a bakin kasuwa, wanda bai taɓa ganin irinsa ba. Ya jujjuya shi ya ce, "Yaro, duk abin da yake da haƙora ɗan uwan agogo ne. Zauna." Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya sa na kawo kiret ɗin ƙwai, duk abin da muka kwance sai mu ajiye shi a rami ɗaya bi da bi. Ni kuma ina ɗaukar hoto da waya a kowane mataki. Ba don hotunan nan ba da har yau wani ɗan sifirin yana hannuna ban san gidansa ba.

Muka cire ƙwarƙwaro da hannu da murfin gefe. Yashi ya cakuɗe da tsohon giris ya zama kamar ƙullun tukar toka. Muka wanke giyoyin ƙarfe da kananzir da tsohon buroshin haƙori, muka bar su suka bushe sarai. Ban da fetur, yana lalata sassan roba. Ƙa'idar shafa mai ba ta da wuya: giris kaɗan a haƙoran giya, ɗigon mai mara kauri, irin na keken ɗinki, ɗaya tak a kowane boris da kuma ɗan gangaren da zare yake bi. Akwai wani boris da yake hana hannu komawa baya, shi ba a sa masa giris, in an sa zai riƙa zamewa. Na so in zuba man gyaɗa tun a gida, dattijon ya yi dariya ya ce da na yi, da cikin wata guda ya daskare ya zama ƙaro.

Sai tsinin sanda. Abin da ya karye wajen santimita 7 ne. Na daidaita bakin karayar da 'yar zarto mai ƙananan haƙora, na goge da samfefa mai laushi. Tsohon zoben tsini ya yi wa sabon bakin kaɗan, domin sanda tana ƙara kauri ne zuwa ƙasa. A wurin masu gwanjo na samu wata karyayyar sanda a kuɗi kaɗan. Na gasa zobenta da laita na 'yan daƙiƙoƙi, gam ya narke, na zare shi da filaya. Na narka gam irin mai kama da kyandir, na shafa, na zura zoben, na daidaita shi da sauran kafin ya huce. An fi son wannan gam a kan sufa gulu domin gobe ana iya cire shi da ɗan zafi. Idan zoben tsakiya ne ya fita, ana naɗe ƙafarsa da zaren ɗinki mai ƙarfi, layi kusa da layi, a shafe da gam mai haɗi biyu ko jan farce mara launi. Karayar tsakiyar sanda ta fi wuya, sai an zura guntun wata sandar a ciki an liƙe an naɗe, kuma ba ta komawa kamar da.

Ranar da Kawu ya dawo

Na yi niyyar in miƙa masa in yi shiru. Amma sandar da aka rage wa tsini takan ƙara tauri, kuma mutumin da ya riƙe ta kusan shekara ashirin ba zai kasa ji ba. Na gaishe shi, na faɗa masa komai tun daga yashi har tarwaɗa. Ya daɗe bai ce uffan ba. Ya hango zobban, ya gwada tsinin da yatsa, sannan ya kai injin kunnensa ya juya.

"Wa ya wanke maka wannan?"

"Ni da wani baba mai gyaran agogo, Kawu."

"Sandar ta gajarce, wannan ba ta da magani. Amma injin ya fi yadda na ba ka." Ya mayar da ita jakarta ya rataye. Bai ce ya yafe ba, bai kuma sake ara mini ba har hutu ya ƙare. Sai daren da zan koma makaranta ya aiko ƙanwata da wani tsohon injin nasa da ya daina aiki tun tuni, a cikin safa, da saƙon cewa in na tayar da shi nawa ne.

Yana kan teburina yanzu, sifirin wayarsa ne ya karye, ina neman madadinsa. Wanda yake da sha'awar wannan harka a cikinku, kada ya jira sai ya samu sabuwar sanda mai tsada. Ya nemi matacciya a gwanjo, ya samu farin ƙyalle da kiret ɗin ƙwai, ya kwance ta a hankali. In kuma za ku je bakin ruwa, ku tafi da babba, ku nemi izinin masuntan wurin, domin su suka san inda zurfi yake.